Motata Golf 3 ta gaza a hawa: in ɗora mata VR6 ko in gyara injinta na asali?

Mazaunin Jos:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin inji, musamman waɗanda suka taɓa riƙe Volkswagen Golf 3. Tawa doguwar ce mai faɗin baya, ƙirar 1996, tana ɗauke da injinta na asali mai lita 1.8 da silinda huɗu, kuma giyar hannu ce. A Jos nake zaune, harkokina kuwa suna yawan kai ni Akwanga da Lafiya da Abuja, saboda haka Hawan Kibo hanya ce da ba ni da yadda zan kauce mata. A shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ba ta ba ni matsala, amma idan na ɗauko iyali da kaya a hanyar dawowa, ga na'urar sanyaya mota a kunne, sai ta riƙa nishi tun daga gindin hawan, har sai na sauko da ita giya ta biyu kafin ta yarda ta ci gaba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuce tirela a irin wannan wuri, domin ina fita daga bayanta ba tare da tabbacin motar za ta ba ni ƙarfin da zan koma hannuna a kan lokaci ba.

Makanikai biyu sun ba ni shawara biyu mabambanta. Na farko ya ce in sayi injin VR6, mai silinda shida, ɗan Beljiyam mai lita 2.8 ya ɗora mini, tunda kamfanin da kansa ya fitar da Golf 3 mai irin wannan inji, don haka zai zauna daram. Na biyu ya ce kada in taɓa, a sauke injin da ke ciki a yi masa ringi, a sauya salansa, a ƙara masa ƴan dabaru, zai dawo da ƙarfi fiye da na da. Jikin motar lafiyayye ne, babu tsatsa, kuma ba ni da halin sayen wata a farashin yau. Ina so in kashe kuɗi sau ɗaya a wurin da ya dace. Wace hanya ce ta fi, kuma mene ne ba a faɗa mini ba a cikin kowacce?

Tsohon Makanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zaɓi ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu, akwai tambayar da babu wanda ya amsa maka a cikinsu: nawa ne ya rage daga ƙarfin da injinka ya fito da shi daga masana'anta? Injin 1.8 na wannan mota, idan mai lambar ABS ne ko ADZ, ya fito da ƙarfin doki 90, kuma ƙarfin murɗawarsa, wanda shi ne ke jan mota a hawa kuma ake auna shi da Nm, Nm 145 ne. Wannan lissafin sabon inji ne a ƙasa mai daidai da bakin teku. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, iska kuma tana ƙara sirancewa yayin da ake hawa, ta yadda injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100. Ko da motarka sabuwa ce fil, a saman tudun nan abin da za ka samu bai wuce doki 80 ba. Ka cire abin da na'urar sanyi take ci, ka ɗora shekarun da injin ya yi yana aiki, sai ka ga cewa wataƙila ba ƙanƙantar injin ce ke damunka ba, rashin lafiyarsa ce.

Abu na farko, a gwada matsin kowace silinda da ma'auni, inji yana da ɗumi, an cire fulogi duka, an take totur har ƙasa. Lafiyayyen inji irin wannan yana ba da bar 10 zuwa 13 (bar shi ne ma'aunin matsi). Idan wata silinda ta faɗi ƙasa da 7.5, ko tazarar da ke tsakanin silinda biyu ta wuce bar 3, to aikin sauke inji ya wajaba. Idan kuwa duk huɗun suna cikin iyaka, kada ka bari kowa ya buɗe maka inji da sunan ringi, domin kuɗinka za su tafi a kan ciwon da babu shi. Makanikin da ya yanke hukuncin ringi ba tare da ya ɗora ma'auni ba, kintace ya yi.

Abu na biyu, a duba ko an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, a cire shi a haɗa fanka kai tsaye da sunan maganin zafi. An ƙera injin nan ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma kwamfutarsa tana sauraron na'urar da ke auna zafin ruwa kafin ta yanke yawan man da za ta zuba. Idan ruwan bai taɓa yin zafi yadda ya kamata ba, wanda a sanyin Jos abu ne mai sauƙin faruwa, kwamfutar za ta ci gaba da zuba mai fiye da ƙima kamar yanzu aka tayar da mota da asuba. Sakamakon shi ne fulogi ya yi baƙi, mota ta yi nauyi, mai ya ƙare da wuri, kuma fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda.

Abu na uku shi ne tsarin man. Wannan inji yana da injekta guda ɗaya tak da ke ciyar da silinda huɗu, tsarin Bosch da ake kira Mono-Motronic, kuma yana zaune a kan wata roba mai kauri. Robar nan takan tsage idan ta tsufa, iskar da kwamfuta ba ta san da ita ba ta riƙa shiga, mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur. Kayan gyaranta ba su da tsada, amma na sha ganin an cire tsarin gaba ɗaya an ɗora kafireto saboda ba a gano tsagar ba. Haka nan a duba ko bel ɗin tamin, wanda ke daidaita lokacin buɗewar bawul, bai zame da haƙori ɗaya ba, a saita distributa, mai raba wuta ga fulogi, da fitilar saitin tamin ba da kunne ba, a sauya matatar mai da ta iska, a kuma tabbatar tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa ba ta toshe ba, domin toshewarta tana kashe ƙarfin mota daidai a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Akwai kuma abin da ba a cika kawo shi cikin lissafi ba, wato taya. Da yawa daga cikinmu muna sa taya mai tsayi don mota ta ɗaga daga ƙasa saboda ramuka. Idan motar da aka tsara wa taya mai lambar girma 185/60 R14 ta koma kan 185/70 R14, tsayin tayar ya ƙaru da fiye da kashi 6 cikin ɗari, kuma ƙarfin da ke isa kwalta a kowace giya ya ragu da kwatankwacin haka. Ka leƙa gefen tayarka ka karanta abin da ke rubuce.

Game da dabarun da makaniki na biyu ya yi maka alkawari, zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Inji mai bawul takwas da injekta ɗaya, wanda ba shi da turbo, ba ya karɓar ƙari mai yawa. Babbar salansa za ta ƙara ƙara, ba za ta ƙara jan hawa ba, wani lokaci ma takan rage shi a ƙananan juyi. Abin da gyara zai yi maka shi ne ya dawo da abin da ya ɓace, ba zai mayar da 90 ta zama 130 ba.

Mai VR6, Abuja:

Ina girmama bayanin Baba, kuma ban ga kuskure a cikinsa ba, amma ina ganin ya kamata a ji daga bakin wanda ke tuƙa motar da aka yi wa wannan dashe. Bambancin ba ƙarami ba ne. VR6 yana ba da doki 174 da Nm 235, kusan ninki biyu na ƙarfin 1.8, kuma duk gyaran da za a yi wa ƙaramin injin ba zai kusanci wannan ba. Matsalar da Malam ya ambata ta wuce tirela a hawa matsala ce ta rai, kuma a wannan fanni inji mai ƙarfi yana rage daƙiƙun da mutum yake yi a hannun da ba nasa ba. Injin kansa ƙira ce mai hikima: silinda shida ne da aka jera a kusurwa mai digiri 15 kacal, suna ƙarƙashin kan inji guda ɗaya, shi ya sa yake shiga wurin da aka tanada don silinda huɗu.

Sai dai maganar makanikinka cewa zai zauna daram rabin gaskiya ce. Injin zai shiga, amma ba shi kaɗai zai shigo ba. Giyabos ɗin da ke motarka, mai lamba 020, ba ya haɗuwa da VR6, kuma ko da zai haɗu ba zai jure ƙarfinsa ba. Dole ka samo 02A na VR6, shi kuwa da waya ake sauya masa giya ba da sanda ba, kulocinsa kuma da mai yake aiki, wanda ke nufin sai an taɓa mariƙin giya da wurin fedoji. Shaf-shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba daban ne, kujerun inji daban ne, lagireto da fankokinsa daban ne. Famfon man da ke tankinka an yi shi ne don matsin da bai wuce bar ɗaya da ɗan abu ba, VR6 kuma yana buƙatar bar 3 ko fiye. Agogon da ke nuna juyin inji an saita shi ne don silinda huɗu, don haka zai riƙa yi maka ƙarya sai an sauya shi. Idan injin na 1995 ne zuwa sama, akwai yiwuwar kwamfutarsa tana da makullin hana sata, kuma idan ba a kawo maka ita tare da mabuɗinta da akwatin makullin ba, mota za ta tashi ta mutu nan take.

Saboda haka shawarata ga duk mai son wannan hanya ita ce kada ya sayi inji tsirara. Ya nemi rabin mota, wato gaban Golf 3 ko Vento VR6 da aka yanko gaba ɗaya, da wayoyinsa da ƙafafunsa da komai. A Ladipo ta Legas aka fi samun irin wannan, wani lokaci kuma a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna idan an yi cigiya. Kafin ka biya, a buɗe murfin saman inji ka ga ko baƙin mai bai daskare a ciki ba, a juya shi da hannu, kuma ka tambayi halin sarƙar tamin. Sarƙar VR6 tana ɓangaren giyabos ne, ba a isa gare ta sai an raba su, don haka lokacin da injin yake ƙasa shi ne lokacin sauya ta da robobin da take bi. Mazaunin tamostat da bututun ruwan da ke manne da shi na roba ne, zafi yana gasa su har su fashe, kuma wannan inji ba ya yafe zafi ko sau ɗaya.

Batun mai kuma ba zan ɓoye ba. Tawa tana shan abin da ya kai kashi ɗaya bisa uku fiye da yadda take sha a da, a cikin gari ma ya fi haka. Kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan bai dame ni ba, amma yanzu lissafi ne da nake yi kowane mako. Duk da haka ban yi nadama ba, domin na san abin da na shiga tun farko, kuma ina da makanikin da ya san injin.

Malama Injiniya, Zariya:

Ina so in ja hankalin Malam zuwa ga gangarar, domin duk wanda ya hau Kibo a dawowa, ya sauke shi a tafiya. Golf mai 1.8 ta fito da ƙananan faifan birki a gaba da ganga a baya, tayoyinta kuma noti huɗu ne. Wadda kamfanin ya ɗora wa VR6 ta fito da faifai mai faɗin milimita 280 ko 288 a gaba, faifai a baya, noti biyar, da ƙafafun da aka ƙarfafa saboda nauyin injin. Ba ado aka yi ba. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, ta yadda motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana buƙatar kusan ninki biyu na aikin birkin da take buƙata a 100, kuma duk wannan aiki zafi yake zama a jikin faifai. Wanda ya ɗora babban inji ya bar ƙaramin birki ya ƙera motar da take saurin kai shi gudun da ba za ta iya tsayar da shi daga gare shi ba. Ga nauyin da ya ƙaru a gaba, wanda idan ba a sauya sifirin da shokoba ba zai sa motar ta riƙa tura hanci waje a kwana.

Ya kamata kuma mu tuna cewa dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da motar gida a gudun kilomita 80 a awa a babbar hanya da 100 a tagwayen hanyoyi. Abin da Malam yake nema ba gudu ba ne, jan hawa ne, kuma wani ɓangare na wannan yana hannun direba. Injin 1.8 yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a juyi 5,500 a minti, alhali yawancinmu muna jin tsoro da zarar allura ta wuce 3,000. Sauko da giya kafin hawa ya cinye gudun mota, da kashe na'urar sanyi na ɗan lokacin wuce tirela, ba cutar da inji ba ne, haka aka tsara shi ya yi aiki.

Sannan akwai takardu. Lambar inji tana cikin takardun mota, kuma ranar da aka buɗe bonet a shingen bincike aka ga ba ta dace ba, mai motar ne zai yi bayani. Duk injin da za ka saya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambarsa da sunan shagon, ka je ofishin lasisin mota a gyara bayanan, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka.

Direban Hanyar Bauchi:

Malam, akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ita ce na ga ta fi karɓar masu doguwar Golf da ke ɗaukar kaya. Injin lita 2.0 mai bawul takwas, wanda ya zo a Golf 3 GTI da Passat na wancan zamani, mai lamba 2E ko ADY ko AGG, yana ba da doki 115 da Nm 166. Ɗan gida ɗaya ne da naka, saboda haka yana hawa kujerun injin da ke motarka, yana haɗuwa da giyabos ɗinka, nauyinsa kusan ɗaya ne, kuma duk makanikin da ya iya 1.8 zai iya shi. Kowace silinda tana da injektarta, don haka za ka buƙaci wayoyinsa da kwamfutarsa da famfon mai mai matsi, bututun salansa na gaba kuma yana iya neman gyara saboda jikin injin ya ɗan fi naka tsayi. Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne akwatin fis na Golf 3 iri ɗaya ne, wayoyin inji cusa su ake yi, ba sai an yi ta yanka da ɗauri ba. Ƙarin doki 25 ba zai ba kowa mamaki a kan titi ba, amma a hawa da kaya ana jin sa sosai, kuma shan mansa bai yi nisa da na 1.8 ba. Ko da wannan ɗin ne, ina goyon bayan Malama cewa a ɗaga birkin gaba zuwa faifai mai milimita 256 mai ramukan iska, idan ba shi ne a motar ba.

Mazaunin Jos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba abubuwan da ake iya gani da ido: tayoyina 185/70 R14 ne, allurar zafi kuma ba ta kaiwa tsakiya ko a doguwar tafiya, wanda nake zaton alama ce ta cewa babu tamostat. Baba, ina da tambaya guda. Idan gwajin matsi ya nuna sai an sauke injin, shin ya fi dacewa in kashe kuɗin a kan gyaransa, ko in haɗa su in sayi 2.0 ɗin da Direba ya ambata?

Tsohon Makanike, Kaduna:

Amsar tana cikin abin da za a tarar idan an buɗe. Idan matsin ya yi ƙasa, a zuba ɗan baƙin mai cikin silindar ta ramin fulogi a sake gwadawa. Idan ya tashi, ringi ne ko bangon silinda. Idan bai motsa ba, bawul ne ko gaskit, wannan kuwa aikin kan inji ne kawai, ba sai an sauke shi duka ba, kuma ya cancanci a yi shi. Idan bangon silinda ya ci har sai an kai shi injin gyaran rami an sayi sabbin fistin masu ƙarin girma, ga metal, wato bayarin da sandar inji ke juyawa a kansa, ga famfon baƙin mai, to a nan ne nake cewa ka tsaya ka tambayi farashin 2.0 cikakke da wayoyinsa, domin kuɗin biyun sukan kusanci juna, kuma ingancin fistin da ringin da ke kasuwa a yau ba shi da tabbas. Sharaɗina shi ne mai sayarwa ya yarda a rubuce cewa za a gwada matsin injin bayan an ɗora shi, ya karɓi kayansa idan bai kai ba. VR6 kuwa ba zan ba mai iyali da ke bin wannan hanya shawararsa ba sai idan zai sayi rabin motar kamar yadda ɗan'uwanmu na Abuja ya bayyana, da birkinta na gaba da na baya. Yanzu dai ka fara da tamostat da robar ƙarƙashin injekta da saitin tamin, ka mayar da tayar zuwa girmanta idan lokacin sauya ta ya yi, sannan ka hau Kibo da irin kayan da ka saba ɗauka. Ka kawo mana lambobin silinda huɗun idan an gwada, a jere daga ɓangaren bel ɗin tamin zuwa ɓangaren giyabos.